Ƙafar Roba a Cikin Buhu

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tashe mu lafiya yau. Baba Fasto, dattawan ikilisiya, Uwar Zumunta da matan zumunta, matasa da baƙi, salama a gare ku. Ku yabi Ubangiji!

Saboda baƙi, sunana Briskila, amma a unguwarmu Tumfure in ba ka ce Maman Godiya ba, babu mai nuna maka gidana. An ce in taƙaita. Zan yi ƙoƙari, sai dai ni 'yar kasuwa ce, ban saba da gajeriyar magana ba. Na ga an kawo min kujera. Na gode, a ajiye ta gefe, a tsaye zan yi.

Yawancinku kun san jirgin ƙasa ya cire min ƙafar hagu. Ba wannan ce shaidar ba, amma dole in bi ta nan kafin in kai inda za ni.

Ina sayar da tumatur da tattasai da albasa ne a inda titin mota ya tsallaka layin dogo. Da na ce a inda ya tsallaka, a kan layin nake nufi. Shekara da shekaru jirgi bai wuce ba, ciyawa ta rufe ƙarfen, awaki suna kwana a kai. Mu kuma muka ga wuri ne mai tudu, ruwa ba ya kwanciya, ga masu wucewa da yawa, sai muka baza kaya. Wata ta kafa rumfa, wani yana shanya barkono, masu keke mai ƙafa uku suna ajiye kekunansu a kai suna jiran fasinja. Sandar ƙarfen da ake saukewa a tare motoci kuwa, 'yan gwangwan sun daɗe da sayar da ita. Tsohon da ke tsaron wurin ya yi ritaya, ba a kawo wani ba. Duk mun san haka, kuma bai dami kowa ba, domin a wurinmu layin ya mutu.

Ashe an ba wani kamfani aikin gyaran layin. Wata rana da hantsi suka turo kan jirgi da taragu biyu na tsakuwa. Babu wanda ya zo ya gaya mana, babu mai tuta a gaba. An ce direban ya yi hon, kuma ban musa ba, na ji. Amma a wurin nan tirela tana yin hon tun safe har yamma, wa zai ɗaga kai? Sai da ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin buhun da nake zaune a kai sannan muka duba.

Kowa ya watse. Ni ma na tsallake, na tsira sarai. Sai na waiwaya na hango laimata, sabuwa, babba, irin mai launi huɗu ɗin nan. Na ga jirgin yana tafe a hankali, kamar mai tura baro, na ce zan riga shi. Na kuwa riga shi, na fizgo laimar. Wajen juyowa silifa ya zame, ƙafata ta faɗa cikin ramin da ke tsakanin ƙarfen dogo da simintin titi, ta maƙale. Direban ya taka birki. Daga baya aka bayyana min cewa jirgi ba ya tsayawa a inda aka taka masa birki, nauyinsa ne ke ci gaba da tura shi. Na riga na gane wannan da kaina.

Laimar tana gida har yanzu, ko ƙwarzane ba ta yi ba.

A asibiti aka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa. Likitan ya ce min, "Mama, ki gode wa Allah, gwiwa ta tsira. Mai gwiwa yana tafiya." Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Bayan na fito aka haɗa mu da lauya, wata yarinya Barista Hauwa, 'yar mutanen Kano, ga kaifin baki ga ladabi. Ita ta zaunar da ni ta yi min bayani da Hausa. Ta ce diyya a doka ba sadaka ba ce. Ana duba abin da aka kashe a asibiti, da sana'ar da mutum ya rasa, da azabar da ya sha, da yadda zai ƙarasa rayuwarsa. Ta ce kamfanin zai ce ni na shiga hanyar jirgi, kuma ni na koma bayan na tsira, wanda duk gaskiya ne. Mu kuma za mu ce sun san akwai kasuwa a wurin, sun turo jirgi babu shinge, babu mai tsaro, babu sanarwa, wanda shi ma gaskiya ne. Ta ce mai yiwuwa alƙali ya raba laifin, ya rage diyyar gwargwadon nawa kason. Na ce to, na ji, ai na san nawa kason.

A lokacin ne ku, matan zumunta, kuka haɗa hannu aka yi min ƙafar roba. Allah ya sāka muku. Wanda ya yi ta wani Malam Modu ne, mutumin Borno, mai haɗa ƙafafu a asibiti, ba ya yawan magana. Ya auna, ya gyara, ya sa min, na kama ƙarafa biyu na taka daga wannan bango zuwa wancan. Ya ce in je gida in riƙa sa ta kullum, kaɗan-kaɗan, in kuma riƙa miƙe gwiwar. Na dawo gida da ƙafata a cinya cikin keke, ina ta washe baki.

Da yamma Baba Iliya ya zo. Baba Iliya yayan mijina ne, ga shi can a layi na biyu, na nemi izininsa kafin in ambaci sunansa. Ya yi shekaru yana aikin masinja a kotu kafin ya yi ritaya, don haka a danginmu shi ne doka. Ya ɗauki ƙafar, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ce ta yi kyau. Sannan ya ce, "Maman Godiya, wannan ƙafar za ta cinye miki diyya."

Na ce, "Ta yaya, Baba?"

Ya ce, "Alƙali ido gare shi. In ya ga kin shigo da ƙafa biyu kina takawa, me zai biya? Zai ce ai ta warke. Ni na ga shari'a iri-iri. Wanda aka shigo da shi a hannu, shi ne ke fita da kuɗi. Ki ajiye ta har a yanke hukunci. Wata nawa ne?"

Ya ƙara da cewa kada a gaya wa lauya ma, domin lauyoyi suna cin abinci tare da juna, magana tana iya fita.

Ba don mugunta ya faɗa ba. Ya ga ƙanensa, mijina, birkila ne mai aikin gini, yau da aiki gobe babu, ga yara a makaranta, ga ni na zauna. Kuma ba a ɓoye aka yi ba. Mijina ya ce Yaya ya fi mu sani. Wasunku da ke zaune a nan kun zo gaisuwa, an gaya muku, kun ce lallai da gaskiyarsa. Ni kaina na ga hikima a ciki. Aka sa ƙafar a buhu, aka ɗaure, aka ɗora a saman durowa.

Na zauna. Da safe a fito da ni gindin darbejiya a kan kujera, dungun ƙafar yana reto, gwiwa a lanƙwashe. Da yamma a mayar da ni ɗaki. Ko sandunan asibiti Baba ya ce in rage amfani da su a tsakar gida, wai kamfanoni suna turo mutane da waya su ɗauki hoto a ɓoye. Daga nan duk baƙon da ya yi sallama ya zama ɗan leƙen asiri. Mai karanta mitar wuta, masu rigakafin yara, har wani bawan Allah da ya zo neman akuyarsa, da na ji motsi sai in ja zani in langaɓe kai in fara nishi. Na ƙware ƙwarai. Da ana ba da lambar yabo a zaman tausayi, da na karɓo wa ikilisiyar nan.

Ranar kotu kuwa, tun daga Tumfure ake ɗaukar shatar keke, hanya ta yi ta jijjiga ni har cikin gari. A ƙofar kotu mijina da wani ƙanensa su haɗa hannu su ɗauke ni, Baba Iliya yana gaba yana cewa a ba da hanya. A ajiye ni a benci. A kira shari'ar. Yau lauyan kamfani bai samu zuwa ba. Wani zuwan alƙali ya tafi taro. Wani zuwan ma'aikata suna yajin aiki. Wani zuwan an zauna, amma takarda ɗaya ba ta iso ba. A ɗage, a sake ɗaukata a mayar cikin keke. Wata nawa ne ɗin nan na Baba ya zama shekara biyu da ɗoriya.

A cikin shekara ta ukun gwiwar ta fara min ciwo, mijina ya kai ni wurin Malam Modu. Bai tambaye ni ina ƙafar ba. Ya ce in kwanta a kan benci in miƙe. Na miƙe iyakar ƙarfina. Sai ya dunƙule hannunsa ya tura ta ƙarƙashin gwiwata, hannun ya wuce ya fito ta ɗaya gefen, ko taɓa ni bai yi ba.

Ya ce, "Mama, ranar da na sallame ki, ko takarda ba ta shiga nan. Jijiya in ta saba da lanƙwasa, gajarcewa take yi. Yanzu da sauran dama, amma kaɗan. In damina ta wuce kina zaune haka, gwiwar za ta kafe, kuma babu ƙafar da zan iya ɗaura wa kafaffiyar gwiwa. Ko an ba ki kuɗin duniya, a kujera za ki ci su."

Mijina ya yi masa bayanin shari'a. Malam Modu ya saurara har ƙarshe, ya ce shi bai san kotu ba, gwiwa ya sani.

Muka kai wa Baba Iliya maganar. Ya ce ma'aikatan asibiti haka suke, tsoratarwa ce sana'arsu, kuma ai an kusa, zama mai zuwa za a saurari shaiduna. Muka je zama mai zuwa. Aka ɗauke ni, aka ajiye ni. Sai magatakarda ya tashi ya ce an yi wa alƙali canjin wurin aiki, za a ba wani sabo, kuma shari'ar za ta faro daga farko.

A cikin keke muna komawa, hadari yana haɗuwa ta gabas, Baba Iliya ya ce, "Kin gani? Da kin sa ƙafar nan, da sabon alƙali bai taɓa ganin halin da kike ciki ba."

Na ce, "Baba, shi tsohon ya gani?"

Ya kau da kai yana kallon hadarin. Ni kuma na yi ta tunani, ina neman rana ɗaya da mutumin nan ya ɗago ya dube ni. Ban samu ba. Rubutu yake yi kullum. Da za a jera min mutane a ce in nuna shi, sai dai in ce su sunkuya in duba tsakiyar kansu. Shekara biyu ina zaune domin idon mutumin da bai san kamannina ba.

Washegari da rana gidan ya zama babu kowa, daga ni sai kaji. Ina gindin darbejiya na ce bari in yi addu'a. Ina buɗe baki na ji na fara wadda na saba: Ubangiji ka taɓa zuciyar alƙali, Ubangiji ka ruɗar da lauyan kamfani. Sai na tsaya. Na lura tun da aka fara shari'ar nan na yi wa alƙali addu'a, na yi wa magatakarda, har motar lauya na yi wa addu'a kada ta lalace a hanya. Gwiwar da Allah ya tsirar min daga ƙarƙashin jirgi, ban taɓa ambatonta a gabansa ba ko sau ɗaya.

Na ce, "Ya Yesu, ni ban san doka ba. Baba ya ce in na tashi kuɗi za su tafi, Malam Modu ya ce in na zauna gwiwa za ta tafi. Kai ka bar min gwiwar nan. Kuɗin kuwa ban taɓa ganinsu ba. In za su tafi su tafi, ka ciyar da 'ya'yana ta wata hanya. Ina so in taka."

Ba zan ƙara gishiri ba. Ban ji murya ba, ban ga haske ba, kaji suka ci gaba da tononsu. Abin da na sani shi ne tsoron da ke danne min ƙirji tun ranar da aka ɗaure buhun nan, na neme shi na rasa. Haleluya!

Na ja jiki na shiga ɗaki, na sa sanda na zunguro buhun ya faɗo. Da na kwance, sai na tarar zanzaro ya gina gidansa na laka a cikin kwarmin da dungu ke shiga. Shi dai ya ci moriyar ƙafar. Na kankare, na goge, na zura. Ta ƙi zama. Dungun ya rame, gwiwar ta ƙi miƙewa, ƙafar ta karkace tana kallon bango. A nan ne na yi kuka, irin wanda ban yi ba ko ranar jirgi.

Da Baba Iliya ya ji, ya zo har gida ransa a ɓace. Ya ce na zubar da wahalar dangi, na mayar da shi mutumin banza. Sai mijina, wanda tun da na aure shi ban taɓa jin ya mayar wa yayansa magana ba, ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Ƙafarta ce." Baba ya ɗauki hularsa ya fita. Ya daɗe bai ci tuwon gidanmu ba.

Damina ta ƙare min a kwance rub da ciki a tabarma, da ƙullin yashi a ɗaure a dungu yana jan gwiwar ƙasa. Malam Modu yana danna, ina ihu, yana cewa saura kaɗan, alhali ba kaɗan ba ne. Jirgi dai sau ɗaya ya yi nasa ya wuce, wannan kuwa safe da yamma ne. Ya sake yin kwarmin ƙafar daidai da yadda dungun ya koma. Na fara da ƙarafa biyu, na koma sanda biyu, na koma ɗaya.

Sannan na ce a kai ni ofishin Barista Hauwa, in gaya mata da bakina cewa na lalata mata shari'a. Na shiga ina takawa. Ta miƙe tsaye ta riƙe baki. Da na ba ta labari tun daga buhu, ta koma ta zauna ta dafe kai.

Ta ce, "Innalillahi! Mama, wa ya gaya muku haka? Rahoton likita kotu take dubawa. Ƙafar da aka yanke an yanke ta, ko kin yi rawa a gaban alƙali ba za ta tsiro ba. Ita ƙafar robar ma, da canjinta duk bayan 'yan shekaru, cikin abin da za mu nema take. Kuma da lauyansu ya san kina da ita kika ƙi sawa, da ya ce ke kika ƙara wa kanki lahani, kada a ɗora musu. Me ya sa ba ku tambaye ni ba?"

Na ce an ce lauyoyi suna cin abinci tare. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta daina, domin ta dubi gwiwar.

Kada ku ce na yi dabara ne. Ranar da na zunguro buhun nan, na gama sallama kuɗin a zuciyata. Sai bayan na saki sannan Ubangiji ya nuna min cewa abin da nake tsoro babu shi tun farko.

Zaman da ya biyo baya na shiga kotu da ƙafata. Ƙafar roba tana da ƙara a kan siminti, ƙwas, ƙwas. Sabuwar alƙaliya, mace ce, ta ɗago kai ta bi ni da ido tun daga ƙofa har benci, ta ce, "A matsa wa Mama ta zauna." Wannan ne karo na farko da kotu ta dube ni. Bayan haka aka ɗage shari'ar, domin lauyan kamfani bai samu zuwa ba.

Har yau ana yi. Ban san ranar da za a gama ba, ban san ko nawa za a raba min na laifi ba. Mai son jin an biya ni, ya yi haƙuri, ba ni da wannan shaidar. Na koma sayar da tumatur, a Kasuwar Gombe yanzu, nesa da kowane irin ƙarfe. Baba Iliya ya dawo cin tuwo, kuma shi ke raka ni kotu har gobe, yana gaba yana cewa a ba da hanya, ko da yake babu wanda ya tare ta.

Zuwana na ƙarshe wurin Malam Modu, ya ce in kwanta in miƙe. Ya dunƙule hannu, bai shiga ba. Ya shimfiɗa tafi, bai shiga ba. Sai ya sa yatsu biyu, suka wuce. Ya ce, "Wannan ya zauna ke nan, Mama. Ba zai ƙara miƙewa ba."

Shi ne ɗingishin da kuka gani lokacin da na taso daga baya zuwa nan. Ku dube shi da kyau. Jirgi ya ɗauki ƙafa, amma ɗingishin nan ba jirgi ne ya yi min shi ba, zama ne. Kuma babu kotun da zan kai ƙararsa.

Ina gode wa Yesu da ya tsayar da shi a yatsu biyu. Ina gode masa domin likita, da Malam Modu, da Barista Hauwa, da mijina, da ku matan zumunta, da Baba Iliya wanda ya ƙaunace ni iyakar saninsa. 'Yan'uwa, mai hakki ya nemi hakkinsa, ni ma ina kan neman nawa. Amma in akwai abin da Allah ya riga ya ba ka, ka ɗaure shi a buhu kana jiran wani mutum ya dube ka tukuna, ka je gida yau ka kwance. Ka dogara ga Ubangiji, shi ya daɗe da ganinka.

Masu ganga, ku ba ni kiɗan baiko, na kai wa Ubangiji kyauta, amma a hankali. Shekara uku ana kai min nawa gaban bagade a hannun wani. Yau ni zan kai. Ku yabi Ubangiji!